Ƙawata tana karɓar tallafi, ta ɗinka anko, amma ba ta ce komai kan bashina ba

Mai neman shawara:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah a yi mini adalci, a yi wa wadda zan yi magana a kanta, tunda ba ta nan balle ta kare kanta.

Ni tela ce a unguwar Ali Ɗan Sofo, cikin garin Maradi. Ina da ƙawa tun muna lakwal, ita ce babbar ƙawa ranar aurena. Daminar 2024, ruwan nan da ya yi ɓarna a Maradi ya kayar musu da ɗaki biyu, ga mijinta kwance a likita. Ta zo mini bayan magariba, bakinta ya kasa furta abin da ya kawo ta, sai hawaye. Na shiga ɗaki na ɗauko jika 40, wato sefa dubu 40, cikin kuɗin da nake tarawa don sayen keken surfani. Ba takarda, ba shaida. Cewa na yi: "Ki riƙe, sai Allah ya hore." Bayan wata uku mijin ya rasu. Da ta fita takaba ta koma ƙauyensu wajen Tibiri da yara huɗu.

Ban taɓa tambayarta ba, wallahi ko da wasa. To sai na ji an rubuta ta cikin masu karɓar tallafi, jika 15 duk wata, yau wata bakwai. Na yi mata murna, na kuma ce a raina ai yanzu za ta tuna da ni. Shiru. Satin da ya wuce muka haɗu wurin biki a Tibiri. Ga ta da sabon anko, ga waya mai shafawa a hannu, a gabana ta ajiye wa uwar amarya jika 2. Yaranta suka ce mini sun yi akuya. Ta rungume ni, muka yi hira har la'asar, ko alamar maganar kuɗin ba ta yi ba.

Na dawo gida zuciyata na tafasa. Ni da na ba ta, har yanzu aikin surfani wurin wani nake kaiwa ina biya, ga mai shago yana jiran haya. Shin in tambaye ta? Ta yaya, ba tare da zumuncin shekara ashirin ya lalace ba? Kuma ku gaya mini gaskiya, daidai ne wadda aka ba kuɗi don cikin marayu ta yi anko da waya?

Mai butik a Sabon Gari:

Wa alaikumus salam. Hajiya, ki je ki karɓi kuɗinki. Ni littafin bashi uku na cika a butik ɗina, na san irin wannan. Ranar da ake raba tallafi za ki ga wanda kike bi ya zagaya ta bayan layi don kada ku haɗa ido. Kuɗin da mutum bai yi gumi a kansu ba, ba ya jin zafin kashe su. Mai iya ɗinka anko ta iya biyan bashi. Kunyarki ce take ci.

Inna mai ƙuli-ƙuli daga Jiratawa:

Ɗana mai butik, ka yi haƙuri, ni na karɓi irin kuɗin nan, bari in yi magana. Lokacinmu jika 10 ake ba mu duk wata, har shekara biyu.

Ɗiyata mai tambaya, ɗauki jika 15 ki raba wa kwana 30. Dala 100 ke nan a yini, sefa 500, ga baki biyar. Ki je kasuwa da dala 100 ki auno hatsi, ki sai itace, ki sai kuka da daddawa da gishiri, ki biya niƙa, ki ga abin da zai saura na sabulu. In ta fitar da akuya daga ciki, to wani wurin ta matse, kuma cikinta ne ta matse. Ni ma akuya na fara saya. Ita ta haifa mini biyu, ɗaya na sayar lokacin da jikana ya kwanta zazzaɓi. Akuya ita ce bankin matar ƙauye.

Maganar jika 2 da ta ajiye wa uwar amarya kuwa, ke ma mace ce, kin san biki ba kyauta ba ne. Wa ya sani ko matar nan ta kawo mata lokacin sunan autanta, ko lokacin zaman makoki? In ta zauna a gida ba ta mayar ba, ranar da za ta aurar da ɗiyarta tabarma ce kawai za ta gani a tsakar gida. Wadda mijinta ya mutu ba ta da jarin da ya wuce mutane. Shi ma anko haka. Ranar da na fara karɓar kuɗin, zane na saya, aka yi ta magana a gari, wai ga masu tallafi sun fara gayu. Ba wanda ya tuna shekara uku ina zuwa suna da zane ɗaya, har na daina zuwa saboda kunya. Har yau in na tuna maganganun nan sai in ji ɗaci.

Ban ce kada ta biya ki ba. Bashi bashi ne. Amma ki bar ƙirga mata loma.

Wata ƴar'uwa daga Bagalam:

Ni dai tun da ya faru da ni sau biyu na yanke: abin da zan iya rasawa shi nake ba ƙawa, kuma da sunan kyauta. In ta nemi jika 20 in ba ta 5 in ce ba bashi ba ne. Allah ya fidda ki, ƴar'uwa.

Malamin Islamiyya a unguwar Zariya:

Baiwar Allah, tambaya biyu kika haɗa, kuma hukuncinsu daban.

Ta farko haƙƙinki ce. Neman bashinki ba rowa ba ne, ba kuma rashin tausayi ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne. Sai dai ki lura, mawadaci aka ce. A Suratul Baƙara aya ta 280, Allah ya ce in wanda ake bi yana cikin ƙunci a saurara masa har ya samu sauƙi, in kuma an yafe a matsayin sadaka shi ya fi alheri. Matar da aka duba gari aka ga tana cikin mafi rauni har aka rubuta ta, ga marayu huɗu, da wuya a sa ta cikin mawadata saboda zane ɗaya.

Amma akwai gyara a ɓangarenki. Aya ta 282 a surar nan, wadda ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, kan bashi take magana: a sa lokaci sananne, a rubuta, a sa shaidu. Mu muna ganin rubutu tsakanin aminai kamar rashin yarda ne, alhali shi ke tsare amincin. Kin ce mata "sai Allah ya hore". Ke a wurinki ya hore tun wata bakwai. Ita wataƙila a wurinta bai hore ba tukuna, ko ma ta ɗauka taimako ne. Yanzu kina fushi a kan wa'adin da ba ku taɓa yankewa ba.

Ta biyu, yadda take kashe tallafinta, wannan ba a hannunki yake ba. Abin da aka mallaka wa mutum ya zama nasa. Kuma ina jan hankalinki da aya ta 264, wadda ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa. Abin da kika yi mata daren nan babba ne a wurin Allah. Kada ranar tambaya ki ce "ni da na taimake ki lokacin da kowa ya guje ki". Ki faɗi kuɗi, ki faɗi buƙatarki, ki tsaya nan.

Wadda ta taɓa aikin rajistar masu tallafi a ƙauyukan Gidan Rumji:

Bari in ƙara kan maganar Inna, don na yi aikin. Ba haka kawai ake rubuta mutum ba. Gida gida muke shiga da takardar tambayoyi: baki nawa, rufin ɗaki na mene ne, akwai dabba, akwai gona, sau nawa aka ɗora tukunya. Yawanci mace ake damƙa wa kuɗin, kuma ba a gindaya mata cewa sai hatsi kaɗai za ta saya. Ana tara su a yi musu bayani kan shayar da nono zalla har wata shida, wanke hannu, kai yara awo, ana kuma ƙarfafa musu gwiwa su shiga adashi su kama ƴar sana'a, saboda tallafin yana da ranar ƙarewa. Wadda ta sayi akuya, abin da ake fata ke nan ta yi.

Wayar ma kada ki yi saurin yanke hukunci. Akwai masu turo tallafi ta waya, kuma mace mai yara huɗu a ƙauye da ita take neman ɗan'uwa na Kano ko Agadas ya turo mata wani abu. Ba ki san ko saya ta yi ko ba ta aka yi ba.

Roƙona ɗaya: kada maganar nan ta kai kunnen maigari ko mutanen garinsu. Duk inda aka rubuta gida goma aka bar talatin, akwai masu jin haushi, jira suke a ce wance ba ta cancanta ba. Na ga matan da suka daina sa sabon takalmi saboda tsoron baki. Kalma ɗaya daga bakinki, ke da kike aminiyarta, za ta yi mata illar da ta fi jika 40.

Mai butik a Sabon Gari:

Inna, na ji, kuma na janye maganar gumi, ban kyauta ba. Amma kowa ya koma tausayin wadda ake bi, an manta da mai bi. Ita ma telar nan ba Alhajiya ba ce, dala dala ta tara, idonta a kan allura. Ko jika 1 ƙawar ta kawo ta ce "ga wannan, ban manta ba", da ba mu nan muna magana. Shirun ne laifinta, kuma a faɗa.

Inna mai ƙuli-ƙuli daga Jiratawa:

Wannan gaskiya ne, ɗana. Shirun bai yi ba. Sai dai sau da yawa nauyin baki ne. Mai bashi yana ganin in ya tayar da maganar hannu wofi, kamar ya tsokano abin da ba zai iya kashewa ba.

Shugabar wata ƙungiyar Mata Masu Dubara a Madarunfa:

Ƴar'uwa, ga abin yi. Kada ki kira ta a waya, kada ki aika. Ki hau mota ki je, ki riƙe wa yara ko ƙosai ne, ku shiga ɗaki ku biyu. Ki fara da halin da kike ciki: haya, keken da kike son saye. Sannan ki ce, "Kuɗin nan na daminar bara, yaya za mu yi da su?" Ki bar ta ta faɗi abin da za ta iya da bakinta. Abin da mutum ya yanka wa kansa ya fi cika shi.

Mu a asusu haka muke. Tsarin nan a jihar Maradi aka fara shi a 1991 tare da ƙungiyar agaji ta CARE, yau ya bazu ƙasashe da yawa, kuma abin da ya riƙe shi bai wuce wannan ba: ana bayarwa a gaban kowa, ana faɗin ranar biya a gaban kowa. Mata da ba su taɓa shiga aji ba suna riƙe lissafi daram. Ki tambaye ta ko tana cikin asusu a garinsu. In tana ciki, ranar da za su fasa za ta iya ba ki wani abu mai kauri. In ba ta ciki, jika 2 a wata ma hanya ce, wata 20 an gama. Kuma ki yi da wuri tun tallafin bai yanke ba. Ku sa mutum ɗaya da kuka yarda da shi ya ji abin da kuka shirya.

Mai neman shawara:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Na bar maganar kwana huɗu ina juya ta, jiya Juma'a na je.

Ban kai ga ƙarasa zancen haya ba ta ce, "Na san abin da ya kawo ki." Ta ce tun watan farko take son zuwa, amma tana ganin kawo mini jika 1 ko 2 cikin 40 kamar raini ne, gara ta bari akuyar ta haihu ta kawo da yawa. Ashe ba ni kaɗai ba ce. Akwai mai hatsi da ya ba ta buhu rabi lokacin takaba, shi yana zuwa ƙofar gida duk ranar da aka raba kuɗi, shi ta fara sallama. Wayar ta ƙanenta ce da ke Legas, tsohuwa ce, gilashin ma a fashe. Ankon kuwa ita ta saya da kuɗinta, ba ta ɓoye ba. Ta ce ɗiyar yayarta ce ake aurarwa, ba za ta tsaya cikin dangi ita kaɗai daban ba. Ba zan yi muku ƙarya ba, wannan har yanzu yana ɗan sosa mini rai, don kuɗinsa da sun biya mini rabin haya. Amma na riƙe bakina kamar yadda Malam ya ce.

Mun shirya a gaban yayarta: jika 2 duk ranar da ta karɓa, in akuya ta haihu ɗa ɗaya nawa ne a kan farashin kasuwar ranar. Na cire jika 10 na ce na marayu ne, saura 30. Ɗanta babba, mai aji shida, shi ya rubuta a takardar littafinsa, kowa ta riƙe ɗaya. Da zan taho ta ba ni jika 2 na farko da tiya ɗaya ta wake, ta ce waken ba ya cikin lissafi.

Shugaba, in da hali ki gaya mini yadda ake kafa asusun nan. Mu tela shida ne a layinmu, kuma kowace tana da wanda take bi.