Tunda na fara ba shi kunu kashinsa ya canja

Maman Sadiq:
Slm iyayen yara, dan Allah a ba ni shawara. Yarona wata 6 da sati 2, nono zalla ya sha ko ruwa ban ba shi ba, satin da ya wuce na fara dama masa kunun acca mai ruwa-ruwa, cokali 3 da safe, shikenan kashinsa ya canja. Da ruwan ɗorawa ne mai laushi ba wani wari, yanzu ya yi duhu ga wari irin na manya wlh, babansa har fita yake daga ɗaki in na buɗe pampas. Surukata ta ce zawon haƙori ne ke tafe, a sayo Flagyl a kemis a kuma dinga lasa masa zuma. Shi kuwa yaron wasansa yake yi. In saya?

Ummu Biyu, Rikkos:
Hahaha barka da zuwa layinmu. Nawa duka biyun haka suka yi, ranar da na ba su ayaba ma wasu baƙaƙen zare-zare na gani na zata tsutsa ce, ashe ayabar ce kawai.

Anti Nas, Bukuru:
Maman Sadiq kar ki sayi komai tukuna. Cikin jariri akwai bakteriya masu amfani, ba duka ne na cuta ba. Nonon uwa yana da wani irin sukari da yaron kansa ba ya iya narkarwa, abincin wata bakteriya ne da ake kira Bifidobacterium, ita ke cika hanjin mai shan nono shi ya sa kashinsa ke ɗan tsami-tsami kamar kindirmo ba ɗoyi. To da kika sa acca kin kawo sitaci da dusar hatsi, sai wasu iri kamar Bacteroides masu cin irin wannan su fara yawa, su ne suka canja launin da warin. Kuma abin ba kwana ɗaya ba ne, sai wajen shekara 2 zuwa 3 hanjin yake komawa irin na babba, kuma babban juyin ma sai ranar da aka yaye shi. Flagyl ba ta tambayar wane ne na gida wane ne baƙo, shara take yi, kuma da yawa daga cikin waɗannan da suke ƙoƙarin zama ɗin su take fara kashewa. Ki ci gaba da nono har shekara 2 in da hali, abinci ki dinga ƙarawa ɗaya-ɗaya, dankali da karas da kabeji ai kasuwar Farar Gada ta Jos ba ta rasa su, ki dafa su yi lugub ki murje, daga baya ƙwai da wake. Kunun ma ki ɗan ƙara masa kauri. Amma in kashin ya koma ruwa sau 3 ko fiye a rana, ki ba shi ORS (ruwan gishiri da sukari) da maganin zinc, in da jini ko zazzaɓi ko ya ƙi nono kuwa asibiti kai tsaye.

Maman Walida:
Na yarda da na Flagyl amma zuma fa Anti? Mu da ita aka raine mu kuma waraka ce.

Anti Nas, Bukuru:
Waraka ce ƴar uwa ban musa ba, amma sai ya cika shekara 1. Zuma takan ɗauko ƙwayar cutar botulizim, babba in ya haɗiye ta bakteriyar cikinsa sun riga sun cika wurin ba ta samun mazauni, jariri kuwa gidan bai gama cika ba sai ta tsiro ta saki dafi, jikin yaro ya saki ko tsotso ya kasa. Ba kasafai ake gani ba, amma wata 6 ɗin da ya rage ai kamar gobe ne.

Maman Sadiq:
Nagode sosai Anti Allah ya saka. Yanzu saura Hajiya surukata, ni dai ba da bakina ba, babansa zan tura ya faɗa mata. Zumar ma har ta aiko da ita cikin gora.