Taron tsintsiya ba shara: me kuka gani a tarukan da kuka zauna?

Sabuwar Shugaba:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. An ɗora mini shugabancin ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai, kuma abin da na gada shi ne taron wata-wata da ake shafe awanni, kowa ya tofa albarkacin bakinsa, a watse, wata mai zuwa a dawo kan maganar da aka bari. Ajanda muna da ita, sakatare yana rabawa tun kafin ranar. Duk da haka ba abin da ke motsi. Waɗanda suka taɓa riƙe taro ko suka sha zama a cikinsa, don Allah ku faɗa mini abin da kuka gani da idonku.

Tsohon Sakatare:
Wa alaikumus salam, ranki ya daɗe. Ɗauko ajandar nan ki duba. Ina kyautata zaton abin da ke ciki bai wuce "batun kuɗin wata", "batun ɗakin karatu", "sauran batutuwa" ba. Duk wanda ya ga "batun kuɗin wata" yana da ikon kawo duk abin da ya taɓa damunsa game da kuɗi, kuma ba ki da hujjar tsayar da shi, domin bai fita daga batu ba.

Na yi aiki da wani shugaba da ba ya karɓar ajanda daga hannuna sai kowane layi ya koma tambaya: "Za mu ƙara kuɗin wata a bana ko mu bar shi yadda yake?" A gefen layin kuma sai na rubuta ɗaya daga abu uku: sanarwa ce, ko shawara ake nema, ko hukunci za a yanke a yau. Da farko na ɗauka tsirfa ce kawai. Da muka fara, sai ga shi yawancin abin da muke tara mutane a kai sanarwa ce, wadda saƙon waya ya isar. Abin da ya rage kaɗan ne, kuma a kansa ne mutane suka fara zuwa da shirinsu.

Ma'aji:
Malam Sakatare ya taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Na taɓa kawo kasafin shekara gaban kwamiti, aka amince da shi kafin in gama juya shafi na biyu. Daga nan aka shiga launin rigar da za a ɗinka wa mambobi, har lokaci ya ƙare ba a daidaita ba. Daga baya na gano wani masanin tarihi ɗan Ingila, Northcote Parkinson, ya zana irin wannan tun 1957: kwamitin da ya amince da gina tashar nukiliya cikin minti biyu da rabi, sannan ya kwashe minti 45 yana jayayya kan rumfar ajiye kekuna. Misali ne ya ƙirƙira don zolaya, amma dalilin da ya bayar gaskiya ne: babban abu ba kowa ya fahimce shi ba, sai a yi shiru gudun jin kunya, ƙaramin kuwa kowa gwani ne. In shugaba bai ce "yau kasafin nan muka zo tantancewa, ga tambayoyin da nake so mu amsa" ba, taro da kansa zai gangara inda magana ta fi sauƙi.

Ma'aikaciyar Jinya:
Ni taro iri biyu nake zama. Akwai na miƙa aiki tsakanin masu tashi da masu karɓa. Ba wanda ya taɓa rubuta mana manufarsa, amma kowa ya san ta: kada mai karɓa ya rasa sanin abin da zai iya cutar da majinyaci. Shi ya sa ba a hira a cikinsa, in wani ya ɗauko zancen da ba shi ba, kallo kaɗai ya ishe shi.

Na biyun shi ne ya ƙona mini rai. An kira mu wai a ji ra'ayinmu kan sabon jadawalin aiki. Muka zauna muka yi ta bayani, masu ƙananan yara suka faɗi matsalarsu, masu zuwa daga nesa suka faɗi tasu, ana ta rubutawa ana gyaɗa kai. Washegari aka manna jadawalin, kuma kwanan watan da ke jikin sa hannun ya riga ranar taron. Wallahi da an ce mana "an riga an yanke, mun kira ku ne mu yi bayani, mu ji inda zai matsa muku", da ba wanda zai ji haushi haka. Tun daga ranar, in an ce a kawo shawara sai kowa ya sunkuyar da kai. Hajiya Shugaba, in kin san ke za ki yanke, ki faɗa tun farko. In ƙuri'a za a kaɗa, ki faɗa. Mutane suna jure a ƙi ɗaukar shawararsu, amma ba sa mantawa in aka yi wasa da hankalinsu.

Ɗan Manhaja:
A wajenmu akwai taron safe na minti 15, a tsaye ake yinsa don kada a miƙe ƙafa. An ma yi bincike a Jami'ar Missouri ta Amurka a 1999, aka ga taron zaune ya fi na tsaye tsawo da kashi 34 cikin ɗari, ba tare da ya fi shi kyawun hukunci ba. Sai dai tsayuwar ba ta cece mu ba. An kafa shi ne don abokan aiki su san inda wani ya maƙale su taimaka masa, amma da manaja ya fara halarta sai kowa ya juya yana ba shi rahoto, ana ɓoye matsala ana ƙawata aiki. Sunan taron bai canja ba, lokacinsa bai canja ba, amma ya zama wani abu daban.

Malamar Makaranta:
Ku yi haƙuri, zan ɗan saɓa muku. Na ga inda aka tsaurara wannan abu har ya zama takunkumi. A taron iyaye da malamai muka sami shugaba mai agogo a hannu, duk wanda ya ɗaga murya sai ya ce "ba ya cikin abin da ya tara mu". Taro ya riƙa ƙarewa da wuri, kowa na yaba masa, amma iyaye suka daina zuwa. Wata uwa ta tare ni a bakin ƙofa ta ce ta zo ne ta faɗi cewa ana cin zalin ɗanta a hanyar komawa gida, ba ta ga inda za ta saka maganar ba. Wanda ya rubuta manufa shi ya zaɓi abin da za a ji da wanda ba za a ji ba, wannan kuwa iko ne babba.

Tsohon Sakatare:
Gaskiyarki, Malama. Amma ni a ganina wancan shugaban manufa ɗaya kawai ya sani, wato yanke hukunci. Sauraro ma dalili ne na tara mutane, in dai an faɗe shi da sunansa, an ware masa lokacinsa, ba a tura shi cikin "sauran batutuwa" lokacin da kowa ke neman takalminsa ba. Ko a ƙa'idojin da Henry Robert, wani injiniyan sojan Amurka, ya wallafa a 1876, waɗanda ƙungiyoyi da yawa ke bi har yau, ba a buɗe muhawara sai an gabatar da ƙuduri, amma kowane mamba yana da haƙƙin gabatar da nasa, ba shugaba kaɗai ba.

Malamar Makaranta:
To ai uwar nan ba ƙuduri ta zo da shi ba, Malam, kuka ta zo da shi. Abin da muka yi daga baya shi ne, mako guda kafin taro sai a tambayi iyaye abin da suke so a tattauna, daga amsoshinsu ake fitar da tambayoyin ajanda. Maganar cin zalin ce ta zo ta farko a taron da ya biyo baya, kuma a ranar aka naɗa malamai biyu da za su riƙa tsayawa a ƙofa lokacin tashi.