Don Allah wa ya san gyaran kyamarar fim mai juya ido a Legas?

Salamu alaikum 'yan uwa, wata matsala ce ta ishe ni wallahi. Ina da tsohuwar kyamara Horizon 202 'yar Rasha, irin wadda gilashinta ke juyawa daga wannan gefe zuwa wancan ya kwaso wajen digiri 120, fim ɗin 35mm take ci amma hoto ɗaya faɗinsa 58mm ne shi ya sa fim mai 36 bai wuce ya ba ka 22. Ba ta amfani da batir, komai sifirin ne da giya.

To tun da damina ta kankama duk fim ɗin da na wanko sai in ga layi layi a tsaye, wani wuri haske wani wuri duhu, an fi ganinsu a sararin sama, hoton gadar Third Mainland da na ɗauka gaba ɗaya ya lalace. A saurin ɗauka na 1/250 na daƙiƙa da sauƙi amma in na mayar da ita 1/8 ko 1/2 har da kunne kana jin gangar da ke juya gilashin tana ɗan tsayawa tana ci gaba, ga ƙarar ma ta canza. Zargina girisin ciki ne ya daskare ko danshin nan namu na Legas ya fara cin giyar, don a Agege nake kuma ɗakin yana riƙe laima sosai.

Na zuba silika mai tsotse danshi a jakarta, na yi ta ɗana ta ina saki ba fim ko za ta warware, shiru. Masu gyaran da na samu duk dijital suka iya, kuma ina tsoron a buɗe min ita a kasa mayarwa.

Akwai wanda ya taɓa wanke giyar irinta da kansa? Wane mai ake sa mata, na keken ɗinki zai yi ko ɓata ta zai ƙara? In kuma da tsohon mai gyaran agogo ko kyamara da kuka yarda da hannunsa, ko a Ikko yake zan je.