Kati mai ƙwaƙwalwa biyu, allo uku ko tabaran VR? Ina neman shawara

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata magana ce ta hana ni sakat kwana biyun nan, na ce bari in kawo ta gaban waɗanda suka fi ni sani. Ni dai wasan tseren mota da na tuƙin jirgin sama ne abin da nake bugawa, Assetto Corsa da Microsoft Flight Simulator, kuma ina da sitiyari da feda. Allo ɗaya gare ni mai inci 24, in na shiga kwana ba na ganin motar da ke gefena sai mun gogi juna. Wani abokina zai sayar mini da tsohon katinsa na zana hoto a kwamfuta, Radeon R9 295X2 na kamfanin AMD, mai ƙwaƙwalwa biyu a jiki ɗaya da memori gigabait 8. Lissafina shi ne biyu ta fi ɗaya: ko in jona masa allo uku, ko in sayi tabaran VR, wanda ake sawa a fuska a ga kamar ana cikin wasan, kowace ƙwaƙwalwa ta riƙe ido guda. Abin da na tara ba zai ishe ni duka biyun ba. Wanne zan ɗauka? Kuma katin ya dace?

Wani mai haɗa kwamfuta:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin a je ga allo ko tabarau, ka dakata da maganar katin nan tukuna. A zamaninsa, 2014, ba shi da na biyu, amma gigabait 8 ɗin da aka faɗa maka 4 ne a wurin aiki. Ƙwaƙwalwar nan biyu karɓa-karɓa suke yi: wannan ta zana hoto na farko, waccan ta zana na biyu, haka har wasa ya ƙare. Tunda duniya ɗaya suke zanawa, dole kowacce ta ajiye kwafin komai a nata memorin, don haka ba a tara su.

Karɓa-karɓar nan kuma ita ce ke kawo wata 'yar cijewa da masu irin katin suka daɗe suna kuka da ita. Ma'auni zai nuna maka hoto 80 a daƙiƙa, amma tazarar da ke tsakaninsu ba daidai ba ce, biyu su zo a manne, na uku ya makara, idonka ya ga motar tana fizga. Sannan tsarin bai taɓa aiki da kansa ba, sai direban katin, wato manhajar da ke sarrafa shi, ya san wasan, an yi masa saiti na musamman. AMD ta daina fitar wa wannan zuriyar sababbin direbobi na yau da kullum tun 2021. Nvidia ma daga farkon 2021 ta daina yi wa SLI, nata tsarin haɗa kati biyu, sabon saiti, katinta RTX 4090 ko wurin jona kati na biyu ba shi da shi. A DirectX 12 da Vulkan, manhajojin da sababbin wasanni ke magana da kati ta hanyarsu, an bar wa masu ƙera wasa aikin raba nauyi tsakanin ƙwaƙwalwa biyu, kuma kaɗan ne suka damu su yi. Ma'ana a yawancin sababbin wasanni ɗaya za ta yi ta fama, ɗayar tana zaune. Ga shi katin yana jan wuta har wat 500, yana zuwa da lagireto da sai ka nemo masa wuri a akwatin, kuma ruwan da ke ciki ya haura shekara goma. Ni dai ba zan ba ƙanina shawarar ya saya ba.

Wani mamba:
Malam ya gama magana a kan kati. Abin da zan ƙara shi ne tunaninka na ido ɗaya ƙwaƙwalwa ɗaya ba shirme ba ne, kamfanonin ma sun yi shi. Nvidia ta kira nata VR SLI, AMD ta sa shi cikin LiquidVR. Sai dai shi ma sai mai wasan ya gina shi da hannunsa, kuma wasannin da suka yi hakan ba su taka kara sun karya ba. Karɓa-karɓa kuwa guba ce ga VR, domin tana ƙara jinkiri. Tabaran Oculus Rift da na HTC Vive da suka fito a 2016 suna sabunta hoto sau 90 a daƙiƙa, wato kusan milisakan 11 kati ke da shi ya gama kowane hoto. In ka juya kai hoton ya makara, cikinka ne zai fara gaya maka.

Wata 'yar'uwa:
Ni na gwada duka biyun, kuma na tsaya a allo uku. Tabaran da na aro na yi mako biyu da shi, minti 20 na farko daɗi, daga nan sai jiri da tashin zuciya, ga gumi a fuska, ga shi ina sa gilashin ido yana matse ni. Wasu jikinsu yana sabawa, nawa bai saba ba. Da allo uku ina yin tseren awa biyu lafiya lau, ina ganin hannuna da maɓallan sitiyari, in an yi mini magana a ɗaki in ji in amsa.

Amma ka san nauyinsa. Allo uku na 1920 da 1080 sun zama 5760 da 1080, ɗigo sama da miliyan 6, ninki uku na abin da katinka ke ɗauka yanzu. Ka nemi allo iri ɗaya masu siririn baki, ka karkato na gefe su fuskance ka. Assetto Corsa yana da wurin da za ka shigar da faɗin allo, kaurin bakinsa, kusurwa da nisan idonka. In ba ka cika waɗannan daidai ba, motar gefe za ta miƙe kamar roba.

Wani mamba na daban:
Yaya, ki yi haƙuri, a nan zan saɓa miki kaɗan. Allo ko goma ne a shimfiɗe yake, ba ya ba ka zurfi. Ranar da na fara sa tabarau na gane nisan kwana da idona, na san inda zan taka birki ba tare da na nemi alama a bakin hanya ba. A jirgi kuwa abin ya fi haka, ka leƙa ƙasa ta taga, ka waiwaya ka ga titin sauka a bayan fiffike. Kuma ba ya cin tebur. Gaskiyar da zan faɗa dai ita ce ya fi allo uku cin ƙarfi: tabaran Quest 3 yana da ɗigo 2064 da 2208 a kowane ido, jimla ya wuce miliyan 9, kuma ba a yi masa rangwamen sauri. Ƙananan rubutun agogunan jirgi ma sun fi fita a allo.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Katin dai na haƙura da shi, zan yi wa abokina bayani. Abin da ya tsaya mini a rai maganar jirin nan ce, domin ni ko karatu na yi a cikin mota tana tafiya kaina juyawa yake. Wannan alama ce?

Mai haɗa kwamfuta:
Yana iya zama alama, domin tushensu ɗaya: ido yana faɗin abu ɗaya, kunnen ciki yana faɗin wani. Amma kada ka yanke hukunci da zato. Ka ari tabarau ka buga wasan motar da kansa, ba wasan tsayuwa wuri ɗaya ba, minti 15 kullum na 'yan kwanaki, da ka ji zuciyarka ta fara tashi ka cire nan take, kada ka daure. Kuɗinka kuma ka fara zuba su a kati ɗaya na zamani mai ƙwaƙwalwa ɗaya, memori kada ya gaza gigabait 12 tunda akwai jirgi a lissafin, ka duba yana da ramukan jona allo na DisplayPort uku. Da shi ko wanne ka zaɓa daga baya ba ka yi asara ba. Ka turo mana sunan furosesarka da ƙarfin akwatin wutarka, mu ga ko za su ɗauke shi.