Yuriya a gonar riɗi: wa ya gwada, me ya gani?

Daga Gumel: Salam 'yan uwa manoma. Bara na shuka riɗi kadada ɗaya, takin yuriya ya rage min daga gonar masara buhu biyu, nace bari in zuba masa duka tunda abu nada yawa. Wallahi gonar tayi kore shar, tsayinsa ya kai min ƙirji, duk wanda ya wuce sai ya tsaya yace Masha Allah, amma da akayi wani ruwa da iska cikin watan tara sai na tarar rabin gonar ta kwanta, kwanson kuma ba yawa, ganye ne kawai. Da muka kakkaɓe a tamfol har kunya naji gaban yarana. Akwai wanda haka ta taɓa samu?

Daga Maigatari: Ai kai ka jawo malam, riɗi ba masara bane. Yuriya kashi 46 cikin ɗari naitirojin ce, wato sinadarin dake sa shuka tayi ganye da tsayi, buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23, takin kamfa, wato NPK 15-15-15, kuwa kilo 7 da rabi ne kacal, kaga buhu ɗaya na yuriya ya kai kamfa uku ta wannan fannin. Ni kamfa nake sawa bayan ya tsiro da kamar sati biyu zuwa uku, yuriyar kuma 'yar kaɗan dab da zai fara fure, shikenan na rufe buhu.

Daga Doma: Mu nan Nasarawa ƙasarmu tafi taku ƙarfi, gonar da akayi gyaɗa ko waken suya bara bana ma sa mata yuriya. Abinda na lura dashi shine iri ma yana da nashi hali, na shuka irin riɗin da ake kira Ex-Sudan da wani na gida da na gada wurin baba, layi kusa da layi, taki ɗaya rana ɗaya, na gidan ya tafi sama yana ta rassa ya ƙi nuna da wuri, shi kuwa ɗayan ya tsaya daidai ya cika da kwanso tun daga ƙasa.

Daga Gumel: To ai nima na gida ne na shuka, ashe abin biyu ya haɗe min.

Daga Matamaye, Nijar: Nawa akasin naku ne. Gonata jigawa ce tsantsa, yashi, ban sa komai ba saboda ance riɗi baya son taki, sai ganyen ƙasa ya fara rawaya yana zubewa, karan siriri kamar tsinken tsintsiya. Bana na watsa takin awaki kafin huɗa na ƙara yuriya kwano uku, bambancin ko makaho ya shafa zai ji.

Daga Kazaure: Ku dai riƙa binne ta don Allah. Ƙanena ya watsa a sama da tsakar rana ƙasa a bushe, ba ayi ruwa ba sai bayan kwana shida, kuɗinsa suka bi iska, wadda ta maƙale a ganye kuma ta ƙone shi. Ni da tsinke nake huda rami ɗan nesa da gindi, in zuba cikin murfin kwalba ɗaya in take da ƙafa, aiki ne kam, bayana har yau yana gaya min.

Daga Maigatari: Na Gumel in ka shigo kasuwa ran Alhamis ka nemeni, akwai ragowar irin da na ajiye, mudu biyu zan iya baka ka gwada a gefe guda.