Kwana uku a Tokyo: waɗanda suka je, ku ba ni haske

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata mai kamawa in Allah Ya yarda zan je Guangzhou saro kaya, kuma na riga na karɓi bizar Japan a Abuja. Kwana uku kacal na yaga wa Tokyo. Tun ina sakandare nake bin Naruto, fim ɗin zane na Japan, a faifan da muke haya a bakin layinmu, to yanzu ina so in ga garin da ido. Wanda ya taɓa zuwa, ta ina zan fara? Sannan me mutum zai ci?

Ɗalibi a Chiba:
Wa alaikumus salam Yaya. Da ka sauka ka nemi katin Suica ko Pasmo ka zuba masa kuɗi, da shi za ka riƙa shiga jirgin ƙasa, har ruwa za ka saya da shi. In a filin jirgin Narita ka sauka, akwai tazara, kusan kilomita 60 ne zuwa cikin gari. Filin jirgin Haneda ya fi kusa nesa ba kusa ba. Akihabara, unguwar shagunan kayan finafinan zane irin su Naruto, tana kan layin jirgin Yamanote, wanda yake zagaye tsakiyar birnin. Ka daidaita zuwanka da ranar Lahadi, domin daga ƙarfe ɗaya na rana ake hana motoci bin babban titin Chuo, mutane su baje a kai, sai dai in ana ruwan sama. Kada ka yi sammako. Ranar da na fara zuwa ƙarfe takwas na isa, na tarar da komai a garƙame, shagunan sai goma ko sha ɗaya suke buɗewa. Awa biyu na yi ina zagaye kamar mai neman ɓataccen akuya.

Maman Biyu:
Ƙanena, in kana da niyyar gidan tarihin kamfanin finafinan zane na Ghibli da ke Mitaka, tun yanzu ka nemi tikiti. Ba a sayarwa a bakin ƙofa. Ranar 10 ga kowane wata ake sakin na wata mai zuwa, kuma nan da nan suke ƙarewa. Ni ban san haka ba, na ɗauki 'yata muka hau jirgi har can, muka tsaya muna kallon ƙaton Totoro, dabbar wani fim ɗinsu, ta cikin gilashi a bakin shiga, yarinya tana kuka, ni ina ba ta haƙuri. A lambun Inokashira da ke gefen muka ƙarasa yinin. Har yau in ta yi fushi sai ta tuna min.

Mai Gilashi:
Ni fa zan faɗi abin da wasu ba za su so ba. Akihabara ta hoto ce. Ka je ka ga allunan nan masu hawa-hawa, ka ji kiɗa yana tashi ta kowace ƙofa, 'yan mata cikin kayan masu aikin gida suna miƙa maka takardar talla, ka ɗauki hotonka, ka wuce. Amma in saye za ka yi, sai kasuwar Nakano Broadway. Daga Shinjuku 'yan mintoci ne a layin Chuo, ka fita ta ƙofar arewa ka bi rumfar kasuwar nan har ƙarshenta. Tsohon gini ne tun 1966, kuma a cikinsa Mandarake, mai sayar da gwanjon kayan finafinan zane, ta fara a 1980. Yanzu ƙananan shagunanta sun watsu a hawa na biyu zuwa na huɗu, kowanne da abin da ya ƙware a kai. Wani tsofaffin littattafan labarin zane (manga) zalla, wani mutum-mutumin roba, wani kuma ainihin zanen hannu da aka yi fim da shi a zamanin da ba a koma kwamfuta ba. Wallahi ka fi awa uku ba ka sani ba. Kai da ka san Kwari, wurin zai yi maka kama da gida: lunguna ne a ƙuntace, rufin a ƙasa-ƙasa, sai dai babu ciniki, abin da aka rubuta shi ne. Kuma gwanjonsu ba irin namu ba ne. Na sayi wani mutum-mutumi da aka rage wa kuɗi don an ce kwalinsa ya lotsa, na juya shi na juya ban ga lotsawar ba sai da mai shagon ya nuna min da farce.

Ɗalibi a Chiba:
Gaskiya ne, amma Malam ka rage wa Akihabara daraja da yawa. Wanda bai taɓa gani ba dole ya gani. Abu ɗaya dai Yaya: a wasu shagunan in ka ga labule ko bene da aka rubuta 18 a jikinsa, ka juya. Ba sai na yi bayani ba.

Baban Khalifa:
Maganar ci da ka yi ita ce babba. A Naruto ka ga ana shan ramen, taliyar nan mai romo, har yawunka ya tsinke, to ka sani romon da yawa na ƙashin alade ne, ko da ba ka ga nama a sama ba, wani kuma ana zuba masa mirin, wadda giyar girki ce. Akwai masu yin na halal a wajejen Asakusa da Shinjuku, ka duba a wayarka kafin ka fita. Ni da safe onigiri na riƙe, dunƙulen shinkafa mai kifi a ciki, ana samunsa a ƙananan kantunan da ba sa rufewa. Salla kuwa, akwai masallacin As-Salaam wajen Okachimachi, da ƙafa ma za ka taka daga Akihabara. In Juma'a ta same ka, ka je Tokyo Camii a Yoyogi-Uehara, ginin Turkawa, ka je da wuri don cika yake.

Ni kuma da na girme ku, abin da ya kai ni Captain Tsubasa ne, fim ɗin zane na 'yan ƙwallo. Na hau jirgi zuwa Yotsugi, unguwar da mai zanen, Yoichi Takahashi, ya tashi. Tashar jirgin kanta an lulluɓe ta da zanen 'yan wasan, ga mutum-mutuminsu na tagulla a warwatse cikin unguwar. Unguwa ce shiru, tsofaffi suna wucewa a kan keke, ga ni da furfurata ina neman wanda zai ɗauke ni hoto.

Maman Biyu:
Na manta: ka sa leda a aljihu. Da wuya ka ga kwandon shara a titi, robar ruwana yini guda na yi ina yawo da ita. Fasfo kuma kada ya bar jikinka.

Ɗan Kwari:
Allah Ya saka da alheri. Ghibli dai na duba, ta wuce ni. Zan ba Nakano yini guda, Akihabara Lahadi da rana, sauran in ga abin da ƙafa za ta iya. Mai Gilashi, mutum-mutumin nan in na cire su daga kwali don su shiga jaka, darajarsu tana faɗuwa ne?

Mai Gilashi:
Tana faɗuwa sosai. Ka bar atamfa biyu a Guangzhou, ka sa kwalin.