Makanike ya ce sai na biya kuɗin bincike kafin ya taɓa motar

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da Corolla ƙirar 2008, 'yar Kwatano. Idan injin ya yi zafi, musamman a cunkoso, sai ta mutu kawai. In na jira ta huce sai ta tashi kamar babu komai. Makaniken unguwarmu ya canza fulogi, ya canza kwayil, har famfon mai na sayo a Ƙofar Ruwa, matsalar tana nan. Yanzu an haɗa ni da wani mai na'urar kwamfuta, ya ce zan biya kuɗin bincike daban, ko ya gano ko bai gano ba, kuma ban da kuɗin gyara. Wannan daidai ne? Ni dai na saba sai an gyara ake biya.

Oga Rewaya:
Wa alaikumus salam Alhaji. Sana'ata ce, bari in faɗa maka gaskiya. Mutane suna zaton da an jona na'ura a soket ɗin nan mai ƙafa 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, za ta ce ga abin da ya lalace. Lamba kawai take bayarwa. Misali P0335 tana nuna layin sensar karanshaf, wato 'yar na'urar da ke gaya wa kwamfutar motar yadda injin ke juyawa, amma ba ta ce sensar ce ta mutu ba. Wataƙila waya ce ta goge, ko soket ya yi tsatsa. Kuma irin ciwon motarka mai zuwa ya tafi, wani lokaci ba ya barin lamba ko ɗaya. Dole in bar injin ya yi zafi, in zauna ina kallon abin da sensoci ke aikawa har ta mutu a gabana. Yini guda yakan tafi a haka, wasu motocin na jira. Gyaran kansa kuwa zai iya zama na minti ashirin. In kuɗin gyara kawai za a ba ni, wa zai biya wancan yinin? Shi ya sa wasunmu suke gwammace su yi ta canza kaya da ka, kai kana saya.

Roƙona: kada ka bari a cire kan batir kafin a duba, yana goge lambobin da kwamfutar motar ta ajiye.

Maman Ummi:
Ni abin da bai kwanta mini ba shi ne "ko bai gano ba". An taɓa karɓar kuɗina, aka goge fitilar cek, wato mai nuna matsalar inji, aka ce an gama. Kafin in isa gida ta sake kamawa.

Malam na Zariya:
Duka biyun suna da asali a fiƙihu. In ka ɗauki mutum aiki sananne na lokaci sananne, ijara ce, ladansa ya wajaba ko da bai gano ba, matuƙar ya yi aikin. In kuwa ka ce "gano min, in ba ka kaza", ji'ala ce, ba ya cin komai sai ya gano. Abin gudu shi ne a fara aiki ba a yanke ko wanne ba. Ku yi magana a gaban shaida.

Direban Kano zuwa Maraɗi:
Alhaji ka biya, amma ka yanka masa iyaka: in ya kai adadi kaza bai gano ba, ya kira ka kafin ya ci gaba. Ya nuna maka lambar a fuskar na'urar ka ɗauki hotonta. Duk abin da aka cire a ba ka tsohon. Ka tambaye shi ko zai rage kuɗin binciken daga na gyara in a wurinsa za a yi, da yawa suna yarda.

Baban Khalifa:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Oga Rewaya, gobe in kai ta da sanyin safiya, ko in fara zagayawa da ita ta yi zafi?

Oga Rewaya:
Kai ta da zafinta Alhaji, kuma ka gaya masa duk kayan da aka riga aka canza, kada ya maimaita.